Yadda ake zuwa gaɓar Sardiniya daga Legas, ko ba ka da jirgin ruwa

Tun da na dawo abokan kasuwa a Agege suke tambayata hanya, sai na ga gara in rubuta kowa ya samu. Sardiniya tsibirin Italiya ne, gaɓar da ake ta yayatawa kuwa ita ce Costa Smeralda a arewa maso gabas, wadda Aga Khan da abokansa suka fara ginawa a 1962. Attajirai sun cika Porto Cervo, babban garin gaɓar, da jiragen ruwansu, amma bakin teku na hukuma ne. Rairayin Capriccioli da Liscia Ruja kai ma za ka shimfiɗa tawul ɗinka a kai.

Ka nemi bizar Italiya da wuri. Jirgi ba ya tashi daga Legas kai tsaye zuwa Olbia, birnin da ke kusa da gaɓar, sai ka yada zango a Rum. Ni daga tashar Civitavecchia da ke kusa da Rum na hau jirgin ruwan dare, gari ya waye mana a Olbia.

Don Allah kada ka je a Agusta. Ranar 15 ga wata Italiyawa suke hutun Ferragosto, mutane kamar ƙasa, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. Yuni ko Satumba sun fi. Ka kama masauki a garin Palau ko Cannigione da ke kusa, ka yi hayar mota, Porto Cervo ka je kallo da yamma.

Abin da ya kai ka shi ne ruwan. A Palau ana ba da hayar kwalekwalen roba mai inji, wanda bai wuce ƙarfin doki 40 ba kuma ba ya buƙatar lasisi. Ka tabbata an haɗa maka da takardar izinin shiga tsibiran La Maddalena, don wurin a killace yake tun 1994. Wanda ya saba da ruwan Tarkwa Bay zai sha mamaki: na jefa anga, ina ganinta kwance a kan farin yashi, ƙananan kifaye na kewaya igiyar. Sai dai ka tambayi mai kwalekwalen labarin iska kafin ka fita. Akwai wadda suke kira maestrale, daga arewa maso yamma take tasowa, in ta taso ka haƙura da ranar.

A Budelli, ɗaya daga cikin tsibiran, akwai rairayi mai ruwan hoda. Daga nesa ake kallonsa, ba a takawa. Kuma ko'ina a Sardiniya kada ka ɗebo yashi ko tsakuwa a matsayin tsaraba, tararsa daga yuro 500 zuwa 3,000 ce.

Wajen abinci ka buɗe ido, Alhaji. Porceddu gasasshen ɗan alade ne, seadas, soyayyen kwaɓin fulawa da ake zuba wa zuma, shi ma da kitsen alade aka saba kwaɓa shi. Ni gasasshen kifi na riƙe, da siririn burodinsu mai ƙaras-ƙaras, carasau.