Kallo da naɗar shirye-shiryen talabijin a gida bayan an koma dijital

Idan aka kashe siginar analog, allon tsohuwar talabijin yana nan lafiya, eriya ma haka. Abu ɗaya ne ya daina amfani: tiyuna, wato 'yar na'urar da ke kamo tasha a cikin talabijin. Bidiyo mai kaset da rikodar DVD ta da su ma kowacce da tata tiyunar, kuma duk sun kurumce rana ɗaya. Don haka kafin ka sayi komai, ƙirga tiyunar dijital nawa kake da ita a gidan, domin adadinsu ne zai nuna maka abin da za ka iya kalla da abin da za ka iya naɗa a lokaci guda.

Fara da duba bayan talabijin ko takardarta. Ƙasashen Afirka da Turai galibi suna kan tsarin DVB-T2. Amurka, wadda manyan tashoshinta suka kashe analog a watan Yunin 2009, tana kan ATSC, Japan da Brazil kuwa ISDB-T. Talabijin da aka ƙera don wani tsarin ba za ta kama tashoshin wani ba, ko da sabuwa ce fil. Haka kuma wadda aka rubuta wa DVB-T kawai, babu 2 a ƙarshe, ba ta ganin tashoshin T2. Akwai kuma matsalar da ke rikita mutane: tasha ta fito, murya na tashi, allo baƙi ƙirin. Wannan yawanci yana nufin tashar tana matse hotonta da H.264 ko HEVC, na'urarka kuwa tsohon MPEG-2 kaɗai ta sani. Ba gyara ake yi ba, dikodar da ta san tsarin ake nema, wato akwatin da ke kamo siginar dijital ya miƙa wa talabijin.

Batun eriya

Babu wata eriya ta musamman da dijital ke buƙata. Eriyar UHF da ta yi maka aiki a da za ta ci gaba, muddin tana fuskantar inda ake watso siginar kuma wayarta ba ta lalace ba. Abin da ya canza shi ne yadda rauni ke bayyana. A analog, sigina mai rauni tana ba ka hoto mai yayyafi amma kana kallo. A dijital hoton yana nan tas har zuwa wani mataki, daga nan ya farfashe gida-gida, ya daskare, ya ɓace.

A cikin saitin dikoda akwai ma'auni biyu, ƙarfin sigina da ingancinta. Inganci za ka sa wa ido. Mutum ɗaya ya riƙa juya eriya kaɗan-kaɗan, yana dakatawa daƙiƙa biyar zuwa goma kowane juyi saboda ma'aunin yana jinkiri, wani yana karanta lambar. Idan ƙarfi ya yi sama amma inganci na ƙasa, to hayaniya ce ke shiga: ko waya ta sha ruwa, ko kan waya ya yi tsatsa, ko busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ta cika siginar fiye da kima, ko kuma turken wayar salula na kusa yana kutse, wanda ƙaramar matatar LTE ke magancewa. Yi amfani da waya RG6 mai ohm 75, kada ka bar ta ta yi tsawon banza. Kowane abin raba waya gida biyu yana cin kusan dB 3.5 zuwa 4, ma'ana kowace na'ura tana samun ƙasa da rabin siginar. In za ka sa busta, ɗaura ta kusa da eriya. Wadda aka sa a bayan talabijin tana ƙara hayaniyar da wayar ta kwaso ne tare da siginar.

Bayan haka ka sa dikoda ta nemo tashoshi da kanta. Duk ranar da wata tasha ta ɓace alhali sauran suna nan, sake neman kafin ka hau rufi, don masu watsawa kan sauya mita.

Naɗa da tsohuwar na'ura

Bidiyo mai kaset ko rikodar DVD za ta iya ci gaba da naɗa, sai dai ta zama 'yar karɓa kawai. Wayar eriya ta shiga dikoda. Daga dikoda ka ja waya mai kai uku zuwa mashigar rikoda: ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti, ko SCART in na'urorin suna da shi. Daga mafitar rikoda sai talabijin. A rikodar ka zaɓi AV ko Line maimakon lambar tasha. Wanda ya manta wannan zai naɗi awa biyu na allo shuɗi.

Iyakar wannan hanya a fili take. Rikoda ba ta iya canza tasha a dikoda, saboda haka dole ka bar dikodar a kunne kan tashar da kake so, ka saita agogon naɗa a rikoda daban. Dikodoji da yawa suna kashe kansu bayan awa uku ko huɗu in ba a taɓa rimot ba. Kashe wannan saitin, in ba haka ba shirin dare zai wuce ka. Duk abin da ya fito a allo, har alamar ƙara murya, zai shiga cikin naɗin. Hoton kuma ba zai taɓa zama HD ba ta wannan wayar. Kada ka wahalar da kanka neman naɗa ta HDMI: rikodojin gida ba su da mashigarta, kuma kariyar HDCP tana hana kwafi.

Naɗa ta USB

Wannan ita ce hanyar da ta fi, domin dikoda tana zuba siginar yadda ta zo, ba tare da rage inganci ba. Amma ba kowace kafar USB ke naɗa ba. Wasu na kunna fayil ne kawai ko sabunta manhaja. Nemi PVR, wato alamar cewa tana naɗa, a jikin kwali ko maɓallin ja na naɗa a rimot.

Lissafin wuri mai sauƙi ne: kowane megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Tashar da ke tafiya da megabit 2 zuwa 3 za ta ci kusan gigabait 1 zuwa 1.4 a awa, ta HD mai megabit 8 kuwa gigabait 3.6. Ke nan had disk mai gigabait 500 zai ɗauki sama da awa 130 na irin wannan HD.

Tsarin fomatin ma'ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Dikoda mai kyau takan yanka naɗin kashi-kashi, mara kyau ta tsaya cak a tsakiyar wasan ƙwallo. In tana karanta NTFS, zaɓe shi. Bar dikodar ta yi fomatin da kanta, amma ka kwashe abin da ke ciki tukuna, don komai zai goge.

Filashi mai arha shi ne tushen yawancin naɗin da ke tsalle-tsalle, saboda saurin rubutunsa yana faɗuwa da zarar ya yi zafi. Ga mai naɗa kullum, had disk ya fi. Sai dai kafar USB 2.0 miliyamp 500 take bayarwa bisa ƙa'ida, wasu had disk kuma suna neman fiye da haka lokacin tashi. In ka ji yana ƙas-ƙas, ko dikoda ta gan shi ta sake rasa shi, ba lalacewa ya yi ba, wuta ce ba ta ishe shi ba. Nemi mai cajarsa daban. Tsarin dakatar da shiri kai tsaye a ci gaba daga baya shi ma naɗi ne da ke gudana a ɓoye ba tsayawa, kuma yana saurin gajiyar da filashi.

Kallon wata tasha ana naɗar wata

Da tiyuna ɗaya, tashar da ake naɗa ita za ka kalla. Togaciyar ita ce dijital tana ɗaure tashoshi da yawa a mita ɗaya, to wasu dikodoji suna barinka ka koma wata tashar da ke cikin damin da ake naɗa. Ban da wannan, sai tiyuna biyu: ko dikoda mai biyu a ciki, ko ka raba wayar eriya, ɗaya ta shiga talabijin mai tiyunar dijital don kallo, ɗaya ta shiga dikoda don naɗa, kana tuna asarar siginar da rabawar ke jawowa.

Wajen saita lokaci, jadawalin shirye-shirye na allo ya fi sauƙi, amma ba duk tashoshi ke cika shi daidai ba. Ƙara minti 3 a farko da minti 10 a ƙarshe; wasan kai tsaye kuwa ba shi rabin awa. Dikoda tana ɗaukar agogonta daga sigina, don haka in ka ga ta yi gaba ko baya da awa ɗaya cif, yankin lokaci ne ba a saita daidai ba. Bar ta a kashe da rimot kawai, kada a zare ta daga soket, domin a wannan yanayin ne take farkawa ta yi naɗi. Ɗaukewar wuta ana cikin naɗa kan lalata fayil ɗin, wani lokaci har ma'ajiyar ta nemi fomati. Ƙaramar UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, tana isar dikoda da had disk.

Fayilolin yawanci suna fitowa da .ts a ƙarshen suna, kuma manhajar VLC tana buɗe su a kwamfuta. Talabijin masu naɗa da kansu su ne ke ba da mamaki: da yawa suna kulle naɗin ta yadda sai a wannan talabijin ɗin kaɗai zai buɗe, in an canza mata babban allon lantarki na ciki kuwa duk abin da aka tara ya tafi. Haka tashoshin biyan kuɗi suke a dikodarsu. Gwada tun ranar farko: naɗi minti biyar, tsayar da shi, cire ma'ajiyar ta hanyar saitin cirewa, ka kai kwamfuta ka ga ko zai buɗe.