Yadda Ake Haɗa Kan Masu Ruwa da Tsaki Kafin Annoba Ta Shigo Gari

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ya san cuta ba ta tsayawa a shingen kwastam. Mutum ya kwana a ƙasar Damagaram, ya sayar da raƙumi da hantsi, la'asar ta same shi a Gumel. Shi ya sa Dokokin Kiwon Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda suka fara aiki a 2007, suka wajabta wa kowace ƙasa sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 idan ta tantance ɓullar cutar da ka iya tsallaka iyaka. Amma labarin da zai kai Abuja har ya isa Janiba, hedkwatar hukumar, daga bakin mai unguwa yake fara fita. Ga yadda kwamitin ci gaban mazaɓa zai tsara nasa ɓangaren.

Da farko, a samu littafi a rubuta sunaye. Ba "shugabannin al'umma" a dunƙule ba, a'a, mutum da sunansa da lambarsa da ta maƙwabcinsa, saboda ranar da wayarsa ba caji. Dagaci, masu unguwanni, limamin Juma'a, incajin asibitin mazaɓa, duk kowa zai tuna da su. Waɗanda ake mantawa su ne suka fi sanin ciwo: mai kemis, ungozoma, wanzami, alaramman tsangaya, ardon rugar da ke bayan gari, sarkin pawa, shugaban tasha, da masu wankan gawa, maza da mata. Mai kemis ne zai fara lura cewa ruwan gishiri da sukari ya ƙare masa cikin kwana biyu. Mai wankan gawa kuwa ita ta san an fitar da yara uku daga lungu ɗaya.

Na biyu, a bi ta ƙofa. Kada ma'aikacin lafiya ko baƙon wata ƙungiya ya kira taro kafin a je gaisuwa wurin hakimi, shi kuma ya umarci dagatai. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Shigowar sarakuna da malamai cikin aikin na daga cikin abin da ya juya lamarin, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. In za a yi wa dagaci bayani, a yi masa shi kaɗai tukuna: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke tsoro, ga abin da muke roƙo." Babba ba ya son ya fara jin magana a gaban talakawansa.

Na uku, a amince kan alamomin da za a kai rahoto, da wanda za a kai wa. Nan ya kamata a daɗe, domin nan aikin yake lalacewa. Ba a neman mai unguwa ya gane sunan cuta. Abin da ake so ya riƙe kaɗan ne: babban mutum mai gudawa kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, zubar jini ba dalili, mace-mace a jere, ko dabbobi da kaji suna faɗuwa. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 da ciwon maƙogwaro yake farawa, abin da uwa za ta ce a ba shi ruwan ɗumi ya kwana. Da an ga ɗaya daga ciki, a sanar da incaji a ranar, shi kuma ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikata ke ce wa DSNO. Daga can sai jiha, sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda ke da lambar kira kyauta, 6232. Batun dabbobi kuma a haɗa da malamin dabbobi. Akwai ma'aunin da ake kira 7-1-7: a gano cuta cikin kwana 7, a sanar cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Bakwan farko a hannun mutanen gari yake. Kuma a yi alkawari a bainar jama'a cewa wanda ya kawo rahoto ba za a tozarta gidansa ba, in ba haka ba ɓoye mara lafiya za a riƙa yi a ƙuryar ɗaki.

Na huɗu, baƙi. Idan annoba ta ɓarke za su zo: ma'aikatan jiha, UNICEF, Red Cross da sauransu. A yi musu maraba, amma a zaunar da su a tabarma ɗaya. Na taɓa ganin mako guda da ƙungiyoyi uku suka kira taro uku a garinmu, mutanen dai su ne, kowane taro da kuɗin motarsa, alhali samfurin da aka ɗiba daga mara lafiya yana ajiye a asibiti don babu man babur da za a kai shi ɗakin gwaji. Tun daga nan muka ɗauki allo muka ja layi huɗu: wa ke yi, me yake yi, a wace unguwa, zuwa yaushe. Wanda ya zo da abin da wani ya riga ya ɗauka, sai a nuna masa gurbin da babu kowa.

Na biyar, baki ɗaya za a yi magana da shi. Incaji ya tsara saƙon, liman ya faɗa bayan sallah, sanƙira ya zaga da shi, mata su kai shi gidajen suna da biki. Jita-jitar da ta shigo ta WhatsApp a amsa ta a ranar.

Na shida, a tsallaka iyaka da zumunci. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sanƙarau da ya taɓa Jigawa a 2023 ya taɓa yankin Damagaram a lokaci guda, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Sanarwa tsakanin ƙasashe aikin gwamnati ne, amma babu abin da ya hana sarkin kasuwa na nan ya riƙe lambar takwaransa na can.

Sai gwaji. Sau biyu a shekara ya wadatar: kafin damina saboda kwalara, musamman garuruwan da ambaliya ke ci a yankin Haɗeja da Ringim, da kuma farkon hunturu kafin lokacin sanƙarau. A zaɓi wata safiya, wani mai unguwa ya kira ya ce ga mutum biyu da amai da gudawa, a sanar da kowa daga baya cewa gwaji ne. A duba agogo a ga awa nawa labarin ya yi kafin ya kai sakatariya. Lambar da aka kira ba ta shiga ba, a soke ta a littafin nan take, a tura yaro ya karɓo sabuwa.