Kuɗin shirin bishiyoyin gida na matasa: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara idan damina ta ƙarato, ƙungiyoyin matasa kan turo mini takardun neman tallafi in duba musu. Garuruwa daban, sunaye daban, amma kurakuran ba sa canzawa. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowa, shi ya sa na tara su a nan.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kasafin kuɗin da ke ƙarewa ranar dashe. Za ka ga an rubuta rumfa, kujeru, lasifika, riguna masu tambari, abincin manyan baƙi da mai ɗaukar hoto, amma babu layi ko ɗaya na shinge ko na ban ruwa. Ƙannena, dashe ba ya mutuwa a watan Agusta, lokacin da sama ke shayar da shi kyauta. Yana mutuwa ne bayan girbi, idan aka saki dabbobi, sannan a Maris da Afrilu, idan zafin bazara ya tsananta, rijiyoyi suka ja baya. Mun taɓa yin aiki da wata makaranta inda mai ba da tallafin ya dage sai an yi gagarumin biki, aka soke kuɗin shinge aka mayar can. Yara suka tafi hutu, suka dawo suka tarar awaki sun bar musu tsinke. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar fuskokin yaran ba. Kowannensu ya san bishiyarsa, wasu da butar gidansu suke kawo mata ruwa. Da shekara ta zagayo muka sake kira, yawancinsu ba su zo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya ce zai koya wa yaro son tsirrai, sannan ya bar shi ya ga wahalarsa ta tafi a banza, ya koya masa akasin abin da ya yi niyya.

Tun daga nan, idan kasafi ya zo hannuna, shinge da ruwa da ladan mai kula na rani biyu nake fara rubutawa. Abin da ya rage shi zai faɗa mini yawan bishiyoyin da za a dasa, ko da ashirin ne. Ba na ƙirga bishiya a ranar dashe, sai a watan Mayu, kuma wannan adadin nake sa wa a rahoto. Wasu abokan aiki suna ganin hakan na korar masu tallafi. Ni dai na fi son in rasa wanda hoto kawai yake nema.

Na biyu, a rubuta "tsirran gida" a takarda, ranar saye a loda darbejiya da bishiyar turare a mota. Darbejiya daga Indiya ta zo, turare daga Ostareliya. Ba na ƙin inuwar darbejiya, amma ba ita kuka karɓi kuɗi a kanta ba. Ina gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya samu rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani? Ina ɗorawa, kanya, magarya, aduwa, tsamiya, marke? Yaro ya gama sakandare yana shan miyar kuka kullum, amma bai taɓa ganin ƙwayar irinta ba, ku kuma kun samu dama kun kawo masa abin da ke bakin kowane titi! Uzurin da kuke bayarwa, wai masu sayar da dashe ba su da na gida, gaskiya ne, domin abin da ke saurin girma suke rainowa. Maganinsa ku yi wurin renon kanku. Yara su fita da wani dattijon manomi ko mai maganin gargajiya su tsinto iri, a nan ne ma karatun yake. Irin gawo da na kuka fatarsu na da tauri, sai an jiƙa da ruwan zafi ko an ɗan kankare kafin su tsiro da wuri. Na kaɗanya kuwa ba ya jure ajiya, da ya faɗo ake shuka shi. Wannan aiki tun cikin rani ake fara shi, saboda haka tallafin da kuka nema a watan Mayu na baɗi ne, ba na bana ba.

Kuma ba dole sai an dasa ba. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen da ke toho a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su sassabe sauran. Da wannan sassabin zamani aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wuƙa da ido yake buƙata, amma da wuya in gan shi a takardar matasa, wataƙila don ba ya cin kuɗin da za a rubuta.

Sauran ƙanana ne. Kada kuɗin ƙungiya ya shiga asusun shugaba, ko da waliyyi ne. Kada ku dasa a filin da mai unguwa ko hukumar makaranta ba su ba ku a rubuce ba. Kada ku biya yara kuɗin halarta, ranar da kuɗin ya tsaya su ma za su tsaya. Kada ku bar 'yan mata a baya, iyayensu mata ne suka san kuka da daddawa da man kaɗanya. Ku ajiye rasit, har na igiya.

Sai masu zaman jiran manyan hukumomi. Akwai su: hukumar Great Green Wall ta Najeriya, mai yaƙi da kwararowar hamada, da aka kafa a 2015 tana aiki a jihohi 11, shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, akwai kuma ƙananan tallafin asusun kula da muhalli na duniya (GEF) da ke bi ta hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP). Amma irin waɗannan wuraren za su tambaye ku rajista, asusun banki da shaidar aikin da kuka taɓa yi. Ni nakan ce a fara da tsofaffin ɗaliban makarantar, da 'yan kasuwar unguwa, da mai rijiyar burtsatsen da zai ba da ruwa kyauta. Idan bishiyoyinku suka tsallake rani biyu, ku ɗauki hotonsu a watan Mayu, ku haɗa da rasit ɗinku, sannan ku rubuta wa manya.