Darasi na 6: Isar da Saƙo ta Hanyar Wasa da Kiɗa

A ƙauyukanmu na Sakkwato, daga Wurno har Tambuwal, takardar da aka liƙa a bango ba kowa ke karanta ta ba. Amma a taɓa kalangu a dandali, kafin ka ce kwabo wuri ya cika. Yau za mu koyi shirya ɗan wasa irin na tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi, mu ɗora masa saƙon lafiya.

Mataki na 1: Zaɓi saƙo ɗaya.
Ɗauki fensir, buɗe sabon shafi, rubuta jimla ɗaya tak. Misali: "Yara da masu juna biyu su kwana cikin gidan sauro." Dalili kuwa, sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, ya kuma fi yawa da damina. Karanta jimlarka da ƙarfi. Saƙo nawa ka ji? In biyu ne, goge ɗaya. Kada ka ji kunya, kowa a nan yake tuntuɓe. Sake karantawa. Ɗaya ne yanzu? Madalla.

Malamai da Malamai mata, ku ji ni da kyau. Sau nawa zan faɗa? Har yanzu wasunku na cusa rigakafin shan inna da takin zamani da karatun 'ya'ya mata cikin wasa guda. Jama'a su sha dariya su watse, ka tambayi tsoho me aka ce, ya ce maka, "Wallahi yaran sun iya rawa." Wannan asarar makogwaro ce. Saƙo ɗaya, wasa ɗaya. Sauran su jira mako mai zuwa.

Mataki na 2: Nemi izini.
A gaida mai gari da liman tukuna, a faɗa musu saƙon. A yi wasan bayan la'asar. Matan da ba sa fita, 'yan uwansu mata su same su a gida da kiɗan ƙwarya ko shantu.

Mataki na 3: Mai da jimlarka amshi, makaɗi ya bayar, jama'a su karɓa. Duba kuma: saƙon nan ɗaya ne dai?

Mataki na 4: Bayan wasa, tambayi mutum uku abin da suka ji.

Aiki: Rubuta jimlarka, ka kawo ta aji na gaba.