Yadda Ake Zama Lauyan Haƙƙin Mallakar Fasaha a Ghana

Duk wanda ya san kasuwar Makola a Accra ko Kejetia a Kumasi ya san cewa atamfar jabu da ta gaske suna kwana a rumfa ɗaya, zane iri ɗaya, tambari iri ɗaya, kuɗin ne kawai ya bambanta. Rikicin da ke tasowa daga nan, da na mawaƙin da aka sa waƙarsa a talla ba da izininsa ba, da na mai sabulun da wani ya kwaikwayi sunan kayansa, su ne aikin lauyan haƙƙin mallakar fasaha. Matashin Nima ko Aboabo da ke sha'awar wannan fanni ya kamata ya sani tun farko cewa babu wata ƙofa ta musamman da ake shiga ta cikinta. Sai mutum ya zama cikakken lauya tukuna, sannan ya gina ƙwarewar da hannunsa.

Matakin farko shi ne digirin shari'a, wato LLB. Wanda ya fito daga sakandare zai yi shekara 4 a Jami'ar Ghana da ke Legon, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a Kumasi, ko wata jami'ar da aka amince da ita, wanda kuma yake da digiri a wani fanni yana iya yin gajeren tsari. Wannan hanya ta biyu tana da daraja a nan, domin mai digirin injiniya ko kimiyyar magunguna zai fahimci takardun sabuwar ƙirƙira fiye da wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. A jami'a ka riƙe dokar kwangila da ta kamfanoni da kyau, ka kuma zaɓi darasin mallakar fasaha idan ana koyar da shi.

Daga nan sai horon sana'a. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ghana, wadda aka kafa a 1958 a Makola, ita ce ta daɗe tana wannan aiki, tana kuma da reshe a Kumasi. Jarrabawar shigarta ta tsayar da mutane da yawa, kuma an daɗe ana muhawara kan sauya tsarin, saboda haka ka riƙa bin sanarwar General Legal Council, hukumar da ke kula da lauyoyi, kada ka dogara da abin da yayanka ya gaya maka na zamaninsa. Bayan an rantsar da kai, ka zama barista kuma lauyan ofis a lokaci guda, domin Ghana ba ta raba ayyukan biyu yadda Ingila ta yi ba. Sai ka yi wata 6 a ƙarƙashin babban lauya kafin a ba ka lasisin aiki, wanda ake sabuntawa kowace shekara.

Zaɓen ofishin da za ka yi waɗannan watanni shi ne shawara mafi nauyi a duk tafiyar. Ka nemi ofishin da ke yi wa kamfanoni rajistar tambari, ko da alawus ɗinsa bai kai na wani ba, domin a can ne za ka koyi abin da aji ba ya koyarwa: yadda ake binciken tambari a Sashen Babban Magatakarda, ofishin gwamnati da ke rajistar tambari, kafin a shigar da takarda, yadda ake zaɓen rukuni cikin rukunai 45 na kaya da hidimomi, da yadda ake shigar da ƙorafi idan an wallafa tambarin da ya yi kama da na wanda kake wakilta.

Dokokin kansu dole su zauna a kanka. Dokar haƙƙin mawallafa ta 2005, mai lamba 690, tana kare littafi da waƙa tsawon ran mai aikin da ƙarin shekara 70, kuma haƙƙin yana tabbata ne tun da aka samar da aikin, rajista a Ofishin Haƙƙin Mawallafa hujja ce kawai. Dokar ƙirƙira ta 2003 tana ba da kariyar shekara 20. Dokar tambari ta 2004 tana ba da shekara 10 da ake iya sabuntawa ba iyaka. Akwai kuma dokar zanen kayan masana'antu ta 2003, wadda ita ce makamin masu atamfa. Abin da ya bambanta Ghana shi ne matsayin al'adun gargajiya: doka ta ɗora haƙƙinsu a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, kuma mai son yin kasuwanci da su sai ya nemi izinin Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa. Zanen kente da na adinkra suna cikin wannan, kuma tun da UNESCO ta sa saƙar kente cikin gadon al'adun duniya a 2024, maganar wa ke da ikon cin moriyarta ta ƙara zafi.

Sai batun iyaka, inda ɗan zango yake da fifikon da bai kamata ya raina ba. Rajistar da aka yi a Accra ba ta kare kaya a Lome ko Yamai. Ghana tana cikin ARIPO, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Harare, amma Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Nijar suna cikin takwararta OAPI ta Yawunde, inda rajista ɗaya ke game dukan ƙasashen ƙungiyar, Nijeriya kuwa ba ta cikin ko ɗaya, sai an je an yi rajista a can. Alhajin da ke aika man kaɗanya ko turare zuwa waɗannan ƙasashe yana buƙatar wanda zai zauna da shi ya bayyana masa wannan da Hausa, kafin wani ya riga shi rajistar sunan kayansa. Ghana ta shiga yarjejeniyar Madrid a 2008, wadda ke ba da damar neman kariyar tambari a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya.

Ƙarin karatu yana da amfani, amma bayan an taɓa aiki. WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya, tana da darasin share fage ta intanet, KNUST kuma tana da digiri na biyu a mallakar fasaha tare da haɗin gwiwar ARIPO.

Game da kotu, yawancin waɗannan ƙararraki suna zuwa Sashen Kasuwanci na Babbar Kotu, inda ake iya fara zaman sulhu a gaban alƙali kafin a shiga shari'a. Don haka ka koyi rubuta wasiƙar gargaɗi mai ƙarfi, da neman umarnin kotu na dakatar da sayar da jabu, da tsara yarjejeniyar lasisi tsakanin mawaƙi da kamfani, ka kuma san yadda GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙan Ghana, ke karɓar kuɗin waƙoƙi ta raba wa masu su. A shekarun farko kada ka ƙi aikin haya ko na rajistar kamfani, domin mai shagon da ka rubuta wa yarjejeniyar haya bana shi ne zai kawo maka tambarinsa baɗi.