Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ba da Kwangilar Gini

Yawancin gine-ginen da muke gani an yashe su a matakin linta, tun ranar da aka ba da kwangila suka mutu, ba ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa ba.

Kuskure na farko shi ne neman wanda za a ba aiki kafin a tsayar da hanyar ba da shi. Hanyoyin kuwa sun bambanta. Akwai wadda aka saba, a gama zane da ƙiyasi, sannan 'yan kwangila su fafata a kan farashi. Akwai wadda kamfani ɗaya zai ɗauki zane da gini gaba ɗaya, in an samu tangarɗa ba ya da wanda zai ɗora wa laifi. Akwai kuma jinga, mai aiki ya sayi kaya da kansa ya biya birkila da lebura. Jinga ta dace da katanga ko ajujuwa biyu, in har akwai mai tsayawa a kai kullum. Amma a ce za a yi bene mai hawa uku da ita, alhali mai gidan sai ƙarshen mako yake leƙowa, to siminti da rodi za su yi ƙafa.

Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane, shi ne ruɗuwa da mafi arha. Dokar ba da kwangiloli ta Nijeriya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, ba ta ce a ba duk wanda ya fi kowa karya farashi ba. Cewa ta yi a ba mafi sauƙin farashi a cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. Wanda ya zo da kuɗin da ko kayan aikin ba zai saya ba, ya san abin da ya taka: ko dai ya rage kaurin rodi ya buga bulo mai yawa daga buhu ɗaya, ko kuma ya bari sai an zuba dakin, wato rufin kankare, ya dawo neman ƙari, lokacin da korar sa ta fi biyan sa tsada. Maganin abin shi ne ka sa masanin ƙiyasin gini ya fitar maka da naka lissafin tun kafin a buɗe takardun kowa. Duk wanda ya faɗi ƙasa da shi sosai, a kira shi ya yi bayani layi-layi. Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Birtaniya, rahoton Latham na 1994 da na Egan na 1998 kan harkar gini sun soki zaman doya da manja tsakanin mai aiki da ɗan kwangila, kuma tun daga nan masu bincike suka fi karkata ga haɗin gwiwa da duba inganci tare da farashi.

Sai kafin alƙalami. Dokar 2007 ta taƙaita shi a kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwangila, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30, kuma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa ɗan kwangila. Wannan na ayyukan gwamnatin tarayya ne, amma mai gina gidansa ma ya ɗauki darasi. Kada ka miƙa rabin kuɗi don kawai surukinka ya ce mutumin kirki ne. Biya mataki-mataki bayan an duba aiki, ka kuma riƙe wani abu har ginin ya sha damina guda.

Kada a manta da tashin farashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, kuma yarjejeniyar da ba ta faɗi wa zai ɗauki irin wannan ƙari ba, rigima ta haifa. A rubuta tun farko kayan da za a sake lissafawa in kasuwa ta juya.

Masu ba da aiki ma suna da nasu laifin, ko da yake ba sa son a faɗa. A sauya zane bayan an haƙa tushe, a ƙara ɗaki da baki ba a rubuce ba, a kuma riƙe kuɗin aikin da aka gama wata da watanni. Dokar ta 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri, har ta ɗora masa kuɗin ruwa.