Layin waya a Ingila: kafin ka sa hannu a kwantiragi

Tambayar da sabon zuwa ke fara yi, tun gajiyar jirgi ba ta sake shi ba, ita ce wane layi ya fi kyau. Amsata kullum ita ce: a wace unguwa ka sauka, kuma wace waya ce a hannunka?

Kamfanonin da suka mallaki turakun sabis a Birtaniya huɗu aka sani: EE, O2, Vodafone da Three. A 2025 Vodafone da Three suka haɗe, ko da yake sunayen biyu na nan a kasuwa. Sauran sunayen da za ka gani a shagunan unguwa haya suke yi a kan turakun waɗannan. Giffgaff da Tesco Mobile a kan O2 suke, Lebara da Voxi a kan Vodafone, Smarty da iD Mobile a kan Three, Lyca kuma ta koma kan EE a 2023. Don haka idan O2 ba ya kamawa a ɗakinka, sayen giffgaff ba zai canza komai ba, ruwan rijiya ɗaya ne a tulu daban.

Ni na koyi wannan da kuɗina. Watana na farko, wani ɗan'uwa ya rantse mini da wani layi, na saya. A bakin titi sabis cike, amma da na shiga ɗakina na ƙasa a wani tsohon gidan bulo mai kaurin bango, sai ya ɗauke ɗif. Sai na fita tsakar gida cikin sanyin Janairu kafin in ji muryar Hajiya. Shi ɗan'uwan bai yi ƙarya ba, a hawa na uku yake zaune, a wata unguwar daban. Hukumar sadarwa ta ƙasar, Ofcom, tana da shafin da za ka sa lambar adireshinka, wadda suke kira postcode, ka ga ƙarfin kowane layi a wurin. Duba na gida, ka duba na makaranta ko wurin aiki, sannan ka tambayi maƙwabcin ɗakinka, don shi ya fi shafin Ofcom sanin gaskiya.

Sai batun wayar da ka zo da ita daga gida, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi. A Kano ko Maraɗi, idan 4G ya yi rauni waya takan sauka kan 3G a ci gaba da harka. A Birtaniya kuwa an kashe 3G: Vodafone da EE sun kashe nasu a farkon 2024, Three ya bi baya, O2 ya shiga nasa rufewar a 2025. 2G ma an yi yarjejeniyar kawar da shi zuwa 2033. Saboda haka kira yanzu a kan 4G yake tafiya, ta fasahar da ake ce wa VoLTE. Wayar da ba ta da ita, ko wadda layin bai amince da ita ba, za ta koma 2G idan akwai. Three kuwa bai taɓa yin 2G ba, ka ga a kansa sai ka ga data na aiki amma kira ya ƙi shiga. Wasu wayoyin da aka ƙera don kasuwar Afirka kuma ba su da zangon 800 MHz, wanda shi ke ratsa bango ya kuma kai ƙauye. Ka gwada wayarka da layi mai araha kafin ka yanke hukunci.

5G kuwa kada ya ruɗe ka. EE ya fara shi tun 2019, yana da sauri a manyan birane, amma kiran bidiyo na WhatsApp da taswira 4G mai ƙarfi ya ishe su.

Layi ba ya bukatar rajistar NIN ko hoton yatsa, daga kanti kake ɗauka kamar biskit. Kwantiragin wata 24 mai haɗe da sabuwar waya shi ne ke bukatar binciken tarihin bashi, kai kuma ba ka da shi tukuna. Ko an ba ka, yawanci kuɗin wata na ƙaruwa kowace shekara wajen Afrilu. Fara da tsarin wata-wata, wanda za ka iya bari duk sanda ka ga dama. In layin bai yi maka ba, tura kalmar PAC zuwa 65075, za a aiko maka lambar da za ka ba sabon kamfani ka tafi da lambar wayarka. Lambar PAC ɗin tana aiki har kwana 30.

Layinka na gida kuma kada ka jefa shi cikin akwati ka manta. Ta nan bankinka zai riƙa turo lambar sirri. Ka buɗe masa romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, tun kafin ka taso, ka kashe masa data don kada ya cinye kati, ka riƙa sa masa ɗan kuɗi kana amfani da shi lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani.